Kiran da ya raba Baba da kuɗin kayan ɗakin ƙanwata

Sana'ata POS ce. Ina da 'yar rumfa a bakin titi a wata unguwa cikin Kano, kuma duk wanda ya yi wannan sana'a a farkon shekarar 2023 ba sai an ba shi labarin canjin kuɗi ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar cewa zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ba mutane zuwa ƙarshen Janairu su kai tsofaffin kuɗinsu banki, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Tsohon kuɗi ya shige, sabo bai fito ba. Mu masu POS muka dinga zarya daga gidan mai zuwa gidan burodi, muna sayen kuɗi da kuɗi. Kafin rana ta fito na bar gida, ba na dawowa sai bayan lisha.

A wannan tsakanin ne aka damfari mahaifina ta waya. Sai da na nemi izininsa kafin na zauna rubuta wannan labari, ya ce in rubuta, amma kar in kama sunan kowa.

Baba tela ne tun yana saurayi. Da idonsa ya yi rauni ya daina ganin kafar allura, sai ya rufe keke ya koma kiwo da ɗan noma a ƙauyenmu. Bijimai biyu ya turke a bayan gida, da hannunsa yake ba su dusa da harawa, har suka yi ƙiba aka kai su kasuwar Wudil. Kuɗinsu da na gyaɗar da ya noma suka tashi naira 640,000. Ba kuɗin ajiya ba ne, kowa a gidan ya san inda za su. An sa ranar auren autarmu bayan ƙaramar salla, kuma gado da katifa da kujeru da kayan kicin duk a cikinsu za su fito. A cikin adaka ya ajiye su, ƙarƙashin manyan rigunansa. Yana da asusu a banki tun da daɗewa, amma ba ya amfani da shi. Da wa'adi ya matso, ni na ɗauke shi a adaidaita sahu muka kai kuɗin. Katinsa na ATM ya daɗe da daina aiki, aka ba shi sabo. A hanyar dawowa na ce masa, “Baba, lambobi huɗun nan na sirri, ko ni kar ka faɗa wa.” Ya riƙe wannan magana da kyau, kuma har yau bai taɓa faɗa wa kowa PIN ɗinsa ba.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na ji daga baya, a hankali, kaɗan-kaɗan.

Mai kiran Bahaushe ne, Hausarsa tsaf, muryarsa a natse. Ya yi cikakkiyar sallama, ya gaida Baba, ya tambayi iyali, har da jajen wahalar kuɗi da ake ciki. Sannan ya kira sunan Baba cikakke kamar yadda yake a asusu, ya faɗi shekarar haihuwarsa da sunan bankinsa. Ya ce daga babban ofishi yake kira, ana tantance duk waɗanda suka zuba tsofaffin kuɗi masu yawa, kuma wanda ba a tantance ba zuwa ƙarfe shida na yamma za a rufe asusunsa sai bayan zaɓe. A lokacin saura 'yan kwanaki zaɓen 25 ga Fabrairu, kuma jita-jita kala-kala ce ke yawo a gari. Baba ya tuna ranar biki, ya tuna kafintan da ke jiran kafin alƙalami.

Duk da haka ya ja baya. Ya ce, “Yarona ya hana ni faɗin lambar sirri.”

Mutumin ya ce, “Allah ya yi wa ɗanka albarka, Baba. Gaskiya ya faɗa maka. Ko ni ka ji na tambaye ka PIN, ka kashe wayarka, ɓarawo ne. Mu ma'aikatan banki ba ma tambayar wannan.”

Baba ya ce mini a nan ne zuciyarsa ta kwanta. Wanda ya gargaɗe ka a kan ɓarawo, ta ina za ka zarge shi? Ya ɗauko tabarau, ya zaro katin daga aljihun 'yar shara, ya karanta doguwar lambar da ke gaba, da watan da katin zai daina aiki, da ƙananan lambobi uku na baya. Mutumin ya ce saƙo zai shigo da lambobi shida, ya karanto masa. Shi da kansa ya koya wa Baba yadda zai buɗe saƙo ba tare da ya katse kiran ba. Baba ya karanta. Aka ce ba ta shiga ba, sabis ba kyau, wata za ta zo. Ta zo, ya karanta. Haka aka yi ta yi. Da saƙonnin fitar kuɗi suka fara shigowa, mutumin ya riga shi magana: gwaji ne, kuɗin za su fita su dawo cikin awa 24, amma kar ya bari kowa ya taɓa wayar ko asusun kafin nan, don kar a ɓata aikin. Suka rabu da addu'a.

Ga abin da ke ci mini rai har gobe. A cikin kowane saƙon lambobi shidan nan akwai gargaɗi cewa kar a ba kowa su, amma da Turanci. Baba ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, yana karanta Hausar boko, lissafi kuwa ba a cutarsa. Turanci ne bai iya ba. Da an rubuta masa “kar ka faɗa wa kowa wannan lamba, ko da ya ce daga banki yake” da harshensa, ina da yaƙinin da ya tsaya. Bankuna sun san yadda za su tallata kansu da Hausa a rediyo. Ban ga dalilin da zai hana saƙon da ke tsare dukiyar mutum ya zo masa da harshen da yake ji ba.

Ga wanda bai san yadda abin ke aiki ba: lambar gaban kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun baya sun isa a fara biyan kuɗi da katin a intanet, ba sai katin yana hannun mutum ba. Abin da ya rage wa ɓarawo shi ne lambar da banki ke turo wa mai asusu a wayarsa, wadda ake kira OTP. Ita ce amincewar mai kuɗi. Duk lokacin da Baba ya karanta ta, ya sa hannu ne a kan fitar wani kaso na kuɗinsa. Shi ya sa mutumin bai damu da PIN ba.

Baba ya jira awa 24 ɗin kamar yadda aka ce. Daren Juma'a ya kira lambar, a kashe. A nan ya gane. Kuma bai faɗa wa kowa ba.

Ni ne ɗan fari. Baba ba ya kama sunana, ba ya zama hira da ni, in yana son in yi wani abu sau da yawa ta bakin Umma nake ji. Alkunya ce irin ta iyayenmu, kuma ina girmama ta. To ka duba yadda zai yi ya kira ni, ni da na gargaɗe shi, ni da sana'ata ke nan, ya ce an yaudare shi. Umma ce ta lura tuwonsa yana dawowa ba a taɓa ba, kuma ba ya barci. Ta tambaya, ya ce ba komai. Sai ranar Lahadi ya iya buɗe baki ga ƙaninsa. Baffa ya zo rumfata da kansa, ya ja ni gefe ya ce, “Ka rufe ka zo gida. Kuma ina roƙonka, in ka je kar ka ɗaga murya.”

Na same shi a zaure zaune kan buzu, carbi a hannu, bai ɗago ya dube ni ba. Ya turo mini wayar a kan tabarma ya ce, “Ga ta nan, ka duba.” Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage a asusun bai kai naira 2,000 ba. Maganganu da yawa sun zo mini baki. Da na kalli hannunsa yana rawa a kan carbin sai na haɗiye su. Na ce, “Baba, Allah ya mayar da alheri. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, har masu digiri suna faɗawa hannunsu.” Ya yi shiru can, sannan ya ce, “Yarinyar nan fa? Me zan ce mata?”

A zaune a wurin na danna lambar toshe asusu. Kusan kowane banki yana da irin wannan gajeriyar lamba ta gaggawa, a da yawansu tana ƙarewa da 911, kuma ana iya danna ta ko a wayar wani. Amma a wannan dare babu abin da ya rage da za a tsare.

Ranar Litinin muka je reshe. Wanda ya ga ƙofar banki a waɗancan kwanaki ya san abin da nake nufi: mutane tun asuba, ana rabon lamba, tsofaffi zaune a ƙasa, ana ta faɗa da masu gadi. Da na ce wa mai gadi maganar damfara ce, ya taimaka ya shigar da mu. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta yi mana kirki. Ta ba Baba kujera, ta fitar da takardar bayanin asusu, ta nuna mini yadda kuɗin suka fita kashi-kashi zuwa wasu asusun intanet, daga can kuma aka rarraba su cikin mintuna zuwa wasu asusun, kamar an watsa wa kaji gero. Ta sa muka cike takardar ƙorafi, ta ce za su tura wa inda kuɗin suka sauka buƙatar a dakatar da asusun. Sannan ta faɗi maganar da na so a ce Baba bai ji ba: da an sanar da su tun a awa ɗaya ko biyun farko, da damar kama kuɗin ta fi haka nesa ba kusa ba.

An samu naira 92,000 a wani asusu da ba a riga an kwashe ba, aka riƙe su. Kafin su dawo hannunmu sai da muka kawo rahoton 'yan sanda da umarnin kotu, domin banki ba ya cire kuɗi daga asusun wani haka kawai. Sai bayan babbar salla suka shigo. Sauran sun tafi. Wanda ya kai ƙorafi bankinsa aka yi makonni biyu ba a warware masa ba, yana da damar ɗaukaka maganar zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, kuma hukumar EFCC tana karɓar ƙorafin damfara. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, sai su ce sun bar wa Allah tun kafin su taka ƙofar ko'ina.

Na daɗe ina tunanin inda mutumin ya samo sunan Baba da shekarar haihuwarsa. Daga baya Umma ta tuna cewa wasu samari sun taɓa zagayawa unguwa da takarda, wai rajistar tallafin dattawa, suna rubuta suna da lambar waya da BVN da sunan banki. Ba a sake ganinsu ba, tallafi bai zo ba. A nan zargina ya tsaya. BVN lambobi 11 ne na tantance mai asusun banki da aka fara bayarwa a 2014, kuma ita kaɗai ba ta cire kuɗi. Amma tare da suna da lambar waya, ta ishi ɓarawo ya yi magana kamar wanda ke zaune gaban kwamfutar banki. Sanin sunanka da ranar haihuwarka ba shaida ba ce cewa mutum daga banki yake.

An yi biki a ranar da aka sa. Gwaggonnina suka haɗa kayan kicin, ni da Baffa muka ɗauki gado da katifa, kujeru kuwa sai daga baya aka kai. Ƙanwata da ta ji labarin, zuwa ta yi ta durƙusa gaban Baba tana kuka, tana cewa ko da tabarma a kai ta. Abin da ya fi kuɗin tsada shi ne lafiyarsa. Jininsa ya hau, ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, wayar ma ya jefa ta cikin adaka. Ya ɗauki lokaci ko amarya ta kira sai dai ta wayar Umma.

Da ya dawo riƙe waya, muka yi shawara a gida, da Umma da ƙannena duka. Duk wanda ya kira da sunan banki, amsa ɗaya ce: “Na gode, zan je reshe da kaina,” a kashe. In akwai abin tambaya, a kira lambar da ke bayan kati, ba wadda ta kira ba. Na rubuta lambar toshe asusu da manyan baƙi na liƙa a jikin kalandar zaure. Na sa wa layin kowa PIN, saboda ɓarawon waya yanzu layin yake so fiye da wayar: yana sa shi a wata waya, ya danna *565*0# BVN ta fito, saƙonnin banki kuma suna zuwa hannunsa. Mai yin wannan ya ajiye lambar PUK ta layinsa, don in aka yi kuskuren PIN sau uku layin kullewa yake yi, kuma da ita ake buɗe shi. Na tura STOP zuwa 2442 a wayar Baba don a rage masa saƙonnin talla, ko da yake wannan ba ya hana ɗan damfara kira. Abin da na fi nanatawa shi ne, in har abu ya riga ya faru, a kira ni a take, ko ƙarfe nawa ne, kuma na yi alkawari a gabansu cewa ba wanda zai ji faɗa daga bakina. Baba bai ce komai ba a lokacin. Amma watanni bayan haka, da wani ya kira shi wai an ci masa kyautar kamfanin waya, da kansa ya aiko yaro rumfata a faɗa mini.

Tun daga nan idona ya buɗe a kan masu zuwa tura kuɗi. Na ga wanda aka kira aka ce ɗansa ya yi haɗari a hanyar Zariya, a turo kuɗin jini yanzu-yanzu, alhali yaron yana aji. Na ga wanda aka ce ya karanto lambobi shida don a sa shi a taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ashe lambar WhatsApp ɗinsa ce, kafin magariba ana ta roƙon kuɗi da sunansa a wurin 'yan uwa. Na ga 'yan kasuwa da aka nuna wa alat na ƙarya aka ɗauki kaya. Labarin yana canzawa, amma in ka saurara abu biyu ba sa canzawa: a yi sauri, kuma kar a faɗa wa kowa.

Wadda ba zan manta ba wata baiwar Allah ce da ta zo da hantsi, goye da yaro, abin sauraron waya a kunnenta ƙarƙashin hijabi. Ta miƙo mini naira 45,000 a ƙudundune da wata 'yar takarda mai lambar asusu. Na sa lambar, sunan wani namiji ya fito. Na ce, “Hajiya, kin san mai wannan suna?” Ba ta amsa ba, ta nuna kunnenta, idonta ya ciko. Na gane ana jin mu. Na juya bayan takardar na rubuta: “An ce kar ki faɗa wa kowa?” Ta karanta, ta gyaɗa kai. Sai na ɗaga murya na ce, “Sabis ya ɗauke, sai an jima.” Na yi mata alama ta kashe wayar.

Na kira maƙwabciyata mai sayar da kayan miya, dattijuwa ce, suka zauna a benci. A nan maganar ta fito. Cikin dare ake kiranta da wata irin murya, a ja mata ayoyi, a ce bayin Allah ne daga cikin aljanu, an yi wa ɗanta sammu, sai an sayi turare an yi sadaka. In ta faɗa wa mijinta, yaron ba zai kwana ba. Ta riga ta tura kuɗi a baya, na adashinta. Wannan karon keken ɗinkinta ta sayar.

Dattijuwar ta ce mata, “'Yata, aljanin da ke da asusun banki da BVN? Mutum ne irinmu, Allah ya tona asirinsa.” Matar ta ce ita dai tsoron abin da zai sami yaron take ji. Ba mu yi mata dariya ba, don tsoron gaske ne. Muka kai ta wurin limamin masallacin layinmu, ya karanta mata abin da ya sawwaƙa, ya tofa wa yaron addu'a, ya ce rai da ajali ba sa hannun mai waya. Shi ne ya aika aka kira mijin. Kafin ya shiga wurinta na tare shi a waje, na ba shi labarin mahaifina tun daga kiran har zuwa hawan jinin, na roƙe shi kar ya yi mata faɗa a gaban mutane. Ya yi shiru, ya ce ya ji.

Lambar ta ci gaba da kira har dare, mijin ya ɗauka sau ɗaya, aka kashe. Washegari suka kai lambar wayar da ta asusun wurin 'yan sanda, ta kuma canza layi. Kuɗin adashin ba su dawo ba. Keken kuwa, wadda ta saya ta yarda ta mayar, bayan mijin ya ƙara mata naira 3,000 a kan abin da ta biya.